Amsa: Ɗana zai tafi jami'a a Amurka, ina tsoron bangaskiyarsa

Mama, sannu da wannan damuwa. Kin ce ɗanki ya samu gurbin karatu a Amurka, kuma kina tsoron malamai masu sassaucin ra'ayi su raba shi da coci. Iyaye Kirista na can ma sun daɗe suna wannan kukan, musamman kan auren jinsi da zubar da ciki. Irin wannan tunanin ne ya sa Fasto Jerry Falwell ya kafa wata makaranta a 1971, wadda daga baya ta zama jami'ar Liberty.

Kuma tsoron yana da tushe. A 2014 jami'ar gwamnatin jihar Kalifoniya ta janye amincewarta da ƙungiyar ɗalibai ta InterVarsity, don ƙungiyar ta dage sai mai bi zai shugabance ta. Sai a 2015 aka sasanta.

Amma a ganina, kaɗaici ya fi lacca haɗari. Yaron da ya sauka ba coci, ba abokan addu'a, ga sanyi ga kewar gida, shi ne yake sulalewa a hankali, ko da kuwa injiniya yake karanta, inda da wuya a taɓa waɗannan batutuwa. Ku nema masa coci tun kafin ya tashi. InterVarsity ɗin nan 'yar'uwar NIFES ce, ƙungiyar ɗalibai masu bi tamu ta Najeriya. Sannan ki bar shi ya yi miki tambayoyi masu wuya yanzu, kada ki kwaɓe shi.

In hankalinki bai kwanta ba, jami'ar Bingham ta ECWA tana nan a Karu.