Dandamalin katako ko dakalin siminti? Lissafin wurin zama a bayan shago

Wani ɗan kasuwa daga Birnin Kebbi ya aiko mana da tambaya. Yana sayar da lemo da yogot da fura a shagon da ke manne da gidansa, kuma akwai fili a baya da yake son ya mayar wurin zaman masu saye da yamma, faɗi ƙafa 12, tsawo ƙafa 20. Ya ga hoton dandamalin katako irin na gidajen Turawa a waya, ya nuna wa kafinta, kafinta ya ce naira dubu 600 ban da rufi. Abin da ke hannunsa dubu 700 ne, kuma daga cikinsu yake saro kaya. Yana so ya san ko kuɗin ya yi daidai, kuma ko aikin zai biya kansa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ba za mu ce maka dubu 600 ta yi tsada ko ta yi araha ba, domin kafintan bai faɗa maka katako nawa ba ne, wane iri ne, kuma a kan me zai zauna. Kuɗin da aka yanka a dunƙule ba shi da inda za ka kama shi. Farashi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: a farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma bayan 'yan watanni kaɗan da ake sayensa kusan rabin haka. Abin da ba ya canzawa shi ne yawan kayan da wurin zai ci. Shi za mu lissafa maka, kai kuma ka shiga kasuwa da takarda ka sa farashin ranar.

Mu fara da katakon da ya burge ka. Wuri mai ƙafa 12 da 20 yana buƙatar ginshiƙan bulo 12, layi uku kowane layi huɗu. A kansu za a ɗora manyan katakai masu ɗaukar nauyi, 2 da 6 (kauri inci 2, faɗi inci 6), guda 12 idan an riɓa su biyu-biyu. Sai a gicciya wasu 2 da 6 ɗin guda 16, inci 16 tsakanin kowane biyu. A sama kuma falanki, 1 da 12, guda 24 zuwa 26, tunda falankin kasuwa ba ya cika inci 12 ɗin da ake kiransa da shi. Katako sama da hamsin ke nan kafin a zo maganar ƙusa da magani da fenti da ladan aiki, kuma har yanzu rana na dukan kan mutane.

Matsalar ba a yawan take ba. Katakon da ka gani a hoto an dafa shi da maganin ƙwari a masana'anta, an matsa maganin ya shige har cikin tsakiyarsa, kuma ba a cika samun irinsa a 'yan katakonmu ba. Namu shafawa ake yi da burushi, maganin katako na Solignum ko baƙin mai, wanda iyakarsa fata. Duk inda zarto ya yanka ko ƙusa ta tsaga, ƙofa ce aka buɗe wa gara. Ƙarƙashin dandamali kuwa ga duhu ga laima ga ruwan wanke kofuna, babu abin da gara take so kamar haka, kuma daga ciki take ci, sai ranar da ƙafar mutum ta burma za ka sani. Sannan ga yanayinmu: hunturu ya busar da falanki ya tsuke ya tsage, damina ta kumbura shi, bazara ta gasa shi da zafin da ke wuce digiri 40. Falanki mai faɗi yakan lanƙwashe kamar kwale-kwale, ƙusa ta ɗago kai tana yagar takalmi. Maɗaci da loko sun fi jurewa, amma kuɗinsu ya ninka na farin katako, kuma mai yiwuwa ne dubu 600 ɗin nan da farin aka lissafa ta. Ka tambaye shi. Idan har zuciyarka ta nace, a tsaga falankin gida biyu, a bar tazarar kaurin ƙusa tsakaninsu, a ɗaga shi aƙalla ƙafa ɗaya da rabi daga ƙasa don iska ta ratsa, kuma ka sa a ranka kowace shekara akwai kuɗin shafe da canjin wasu.

Shawararmu dai dakalin siminti, da rumfar kwano a kai.

Ga abin da dakalin zai ci. Kewayensa ƙafa 64 ne, bulo kuma ƙafa ɗaya da rabi, wato bulo 43 a kowane layi. Layi uku na bulo mai inci 9, ɗaya a cikin ƙasa biyu a waje, 129 ke nan. Ka sayi 135 saboda fashewa. A ƙasan ramin tushe a zuba kankare mai kaurin inci 4, buhu 4. Jera bulo buhu 3. Daɓen sama, shi ma inci 4, buhu 14. Filastan gefe da matakala da gindin ginshiƙan rumfa, buhu 4 zuwa 5. Jimilla buhu 25 zuwa 26. Idan magini ya ce arba'in, ya nuna maka inda sauran za su shiga. Idan kuma ya ce goma sha biyar sun isa, to yashi zai daɓe maka, kafin shekara ƙafar kujera ta fara tono shi.

Ma'aunin kwaɓin daɓe shi ne buhu ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Buhu 14 ke nan sun ci yashi kwano 56 da tsakuwa 112. Wannan lissafi kai ma za ka iya tsayawa ka ƙirga. Yashin ya zama mai kaushi na gulbi. Ka damƙa shi a hannu, idan ya dunƙule ya bar jirwaye a tafinka akwai laka a ciki, kuma laka tana hana siminti kamawa. Ka lura da ruwa ma, domin leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi daɗin kwasa, shi kuwa ruwan da ya yi yawa shi ke sa daɓe ya riƙa tashin ƙura daga baya.

Inda aka fi cutar mai aiki shi ne ciko, saboda da zarar an rufe shi ba mai sake gani. Cikin dakalin nan zai sha jar ƙasa ko marmara wajen ƙaramar tifa biyu. Kada a juye ta gaba ɗaya a baje. A zuba inci 6, a yayyafa ruwa, a daɓe da ƙarfi, a sake zuba inci 6, har a cika. Kada a yarda da shara ko baƙar ƙasar fadama a ciki. Ita baƙar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, daɓen da ke kanta ya rabe. Idan filin naka kansa irin wannan ƙasar ce, kamar yadda ake samu a unguwannin da suka gangara wajen fadama, a zurfafa tushe a kuma shimfiɗa ragar ƙarfe a cikin daɓen. Kafin zuba kankare a shimfiɗa leda mai kauri a kan cikon don kada ƙasa ta zuƙe ruwan siminti.

Abubuwa uku ƙanana da ba sa cin kuɗi amma rashinsu yana ci. Daɓen ya ɗan karkata waje, inci ɗaya da rabi a faɗin ƙafa 12, kada ruwa ya koma gindin bangon gida. Samansa ya zauna ƙasa da dokin ƙofa. A tsaga layi a tsakiyar tsawon, a ƙafa 10, don in zai tsage ya bi nan. Sannan a goge saman a ranar da aka zuba, tun yana ɗanye, kada a ce sai gobe a yi masa wani shafen, wanda zai ƙara cin buhu biyar kuma yakan ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Bayan nan kwana bakwai ana ba shi ruwa safe da yamma, a lulluɓe da tsofaffin buhuna. Ka sa kuɗin 'yan garuwa a lissafi, yawanci shi ake mantawa.

Sai rumfa, kuma a nan muke so ka sake duba ƙafa 12 ɗin nan taka. Fallen kwano na bandir ƙafa 6 ne, idan aka ɗora ɗaya kan ɗaya da inci 6, layi biyu suna rufe ƙafa 11 da rabi. Katako kuma ƙafa 12 yake zuwa. Dakali mai faɗin ƙafa 12 yana son rufin da ya kai 14 saboda baki, don haka dole kwano layi uku, falle 33, kusan bandir biyu, kuma kowane katakon rufi sai an yi masa haɗi, haɗi kuwa nan ne rufi ke fara lotsawa. Ka rage faɗin zuwa ƙafa 10: kwano ya koma falle 22, bandir ɗaya da falle biyu, katako ya tafi ɗaya ba haɗi, bulo ya sauko 126, siminti ya koma wajen buhu 22 ko 23. Ƙafa goma tana ɗaukar layin tebura da hanyar wucewa ba takura. Ka dai auna faɗin fallen da ke kasuwa kafin ka saya, mun lissafa ne a kan kowanne yana rufe ƙafa 2.

Ginshiƙai na bututun ƙarfe mai inci 3, huɗu a gaba, kowanne a binne ƙafa 2 cikin kankare, da ɗan guntun rodi da mai walda ya gicciya a gindinsa don kada ya zare. Katakon rufi 2 da 6 guda 7, na gicciye 2 da 3 guda 10. A ɗaure kowane katako da langa-langa ko a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, ƙusa kaɗai ba ta isa ba. Iskar farkon damina ba danne rumfa take yi ba, shiga ƙarƙashi take yi ta ɗaga ta, kuma rumfar da ba bango ita ce farkon tashi. Ƙusar kwano mai hula a buga ta a kan tudun kwano, ba a kwarinsa ba. Tsayi kada ya gaza ƙafa 10 a jikin bango, 8 da rabi a gaba, a kuma shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashin kwanon, in ba haka ba a watan Afrilu ba mai zama ya sha fura a cikin tanda.

Wajen biya, kai ka sayi kaya, su ka biya su ladan hannu. Ka ji bakin magina biyu ko uku, kowa ya faɗi kuɗin aikinsa daban. A raba biyan uku: bayan tushe da bulo, bayan daɓe, bayan rufi, kuma kason ƙarshe ya zama mai ɗan nauyi. Siminti kada ka tara shi ya yi wata a ɗaki, yana dunƙulewa. Na BUA daga Kalambaina ta Sakkwato yake zuwa, ba nisa, ka riƙa saye daidai da aikin mako. A kan jimillar da ka samu ka ƙara kashi 10 cikin 100 na dako da abin da ba a zata ba.

Ko zai biya kansa? Mu ƙaddara wurin ya ƙaro maka mutum 20 a dare, ribar kowanne naira 150. Dubu 3 ke nan, a kwana 26 dubu 78. Cire man janareta da yaron da zai kula da tebura, mu ce dubu 28, saura dubu 50. Idan ka kashe dubu 700, wata 14 kafin uwar kuɗi ta dawo, ban da darerun da ruwan sama zai kore kowa. Waɗannan lambobi misali ne, naka za ka sa, kuma hanyar samunsu ba ta da tsada: ka share filin, ka kafa tamfol, ka jera benci uku, ka yi wata guda kana rubuta mutum nawa suka zauna da abin da suka saya. Ka bambanta sabon mai saye da tsohon da dā yake saye ya wuce, domin shi tsohon zamansa bai ƙara maka ko kwabo ba.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ka zuba dubu 700 ɗin duka. Kuɗin saro ne, suna juyawa sau da yawa a wata, dakali kuwa ba ya juyawa. Ka ware abin da firji ke buƙata na mako biyu tukuna, ragowar ka yi dakalin da ita bayan ɗaukewar ruwa, tamfol ya riƙe ka har ciniki ya tara kuɗin kwano. Ka dai sa a binne ginshiƙan tun ranar daɓe, kada a dawo ana fasa sabon siminti.

Kafin a haƙa rami ka tsayar da inda baƙi za su shiga, ta cikin shago ko ta wata ƙofa daban, yadda ba za su ratsa wurin iyali ba. Ruwan rufin kada ya zuba a katangar maƙwabci. Idan wani gefen ya taɓa layi ko magudanar ruwa, ka leƙa ofishin KUDA, hukumar raya birane ta jihar Kebbi, ka ji ƙa'idar tazara tun ba ka sauke bulo ba. Idan kuma gidan na gado ne da ba a raba ba, ko haya kake, a rubuta wanda ya gina da yadda za a yi da kuɗin ranar da za ka tashi, shaidu biyu su sa hannu.