Mura, aladu da allurar rigakafi: likita ya amsa tambayoyinku

Likita, na ji wai masu bincike suna renon ƙwayar mura a jikin alade. Me ya kai su? — wani malamin makaranta, Garwa

Malam, sau da yawa ba alade sukutum ba ne, ƙwayoyin halittarsa ne ake rayawa cikin kwalba a ɗakin gwaji mai tsaro. Bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo mura, ba ya hayayyafa sai cikin ƙwayar halitta mai rai, shi ya sa dole a ba shi masauki. Abin da ya ja hankali ga alade kuwa, hanyar numfashinsa tana karɓar murar tsuntsaye da ta mutane duka. Bairos ɗin mura gutsure 8 na ƙwayoyin gado ne a cikinsa. In iri biyu suka haɗu a ƙwaya ɗaya, sai su yi musayar gutsure, a haifi sabon iri wanda jikinmu bai taɓa gani ba. Haka irin murar da ake kira H1N1 ya samo asali, wanda ya ɓulla a Meziko a 2009 ya zaga duniya. A Kamaru, cibiyar bincike ta Centre Pasteur da ke Yawunde ce ke sa ido kan mura, kuma tana da reshe nan Garwa.

To ashe rigakafin mura daga alade ake yinsa? Ni fa ba zan sa haram a jikina ba. — wata Hajiya, Marwa

Hajiya, kwantar da hankalinki. Yawancin allurar rigakafin mura da ake yi a dantse cikin ƙwan kaza ake haɗa ta. Inda maganarki take da ƙamshin gaskiya shi ne rigakafin da ake fesawa a hanci, wanda ake ba yara a Ingila: wannan yana ɗauke da jalatin, wani sinadari da ake samu daga jikin alade. Ki ce a nuna miki takardar da ke cikin kwalin, komai a rubuce yake.

Tun shigowar hunturu ɗana yake tari da zazzaɓi, na ba shi amozisilin kwana 3, shiru. — wata uwa, Kuseri

'Yar'uwa, amozisilin bakteriya yake kashewa, bairos ko a jikinsa. Fara da gwajin zazzaɓin cizon sauro, ɗigon jini ne daga yatsa, minti 15 an gama. Sau tari mura da zazzaɓin cizon sauro kan yi kama. In mura ce, a ba shi farasitamol miligiram 15 kan kowane kilo na nauyinsa, bayan kowace awa 6, da ruwa da nono ko kunu a kai a kai. Asfirin kuwa kul, yakan lalata hanta da ƙwaƙwalwar yaro mai mura. Ki ɗaga rigarsa ki kalli ƙirji: in ƙasan haƙarƙari yana lotsawa duk sanda ya ja numfashi, ko ya kasa shan komai, ko leɓe ya yi shuɗi, asibiti za ku a daren, ba sai gari ya waye ba.