Balbela ta zama dunƙulen auduga, shirwa ta zama gawayi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka: ka je tafkin Sakumono da ke tsakanin Accra da Tema wajen ƙarfe 11 na safe, ka dawo da hotunan balbela fari fat babu alamar gashi, shirwar da ke shawagi kuma ta fito baƙa ƙirin, kana tambaya ko kyamarar ce za ka canza. Kada ka canza ta. Na daɗe ina bin tsuntsaye daga Sakumono zuwa gonakin gishiri na bakin kogin Densu, kuma da wannan matsalar na fara.

Mu a Accra kusa muke da layin da ya raba duniya biyu (equator). Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, tana hawa kamar digiri 15 a kowace awa, kafin 9 ta yi rabin hanya zuwa tsakar ka. Hasken safiya mai laushi bai fi awa ɗaya da rabi ba. Shi ya sa nake barin Nima da zarar an sallame asuba, in shiga trotro, wato motar haya, tun kafin hanyar Tema ta cika.

To amma tsuntsu ba ya jiran lokacinka, wata rana dole ka ɗauka da tsakar rana. Abin da zan roƙe ka shi ne ka ceci fari. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta, ta nemi matsakaici. Idan balbela na tsaye gaban ciyawa ko laka mai duhu, sai ta ƙara haske don duhun, farin gashin ya ƙone. Abin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, alhali inuwa ana iya ɗago ta daga baya. Nemi maɓallin nan mai alamar +/-, ka sauke zuwa -1, wani lokaci har ƙasa da haka. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone yana ƙiftawa a allo, ka yi ta ragewa har ƙiftawar ta bar bayan tsuntsun. Kada ka yarda da idonka a kan allo cikin rana, zai yaudare ka. Kuma ka ɗauka da RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye yadda kyamara ta ɗauko shi, don ya fi JPEG da aka saba da shi riƙe abin da ke cikin inuwa nesa ba kusa ba.

Shirwa kuma akasin haka ne. Sama ce ta cika haske, kyamara ta rage, tsuntsun ya duhunta. A nan ƙarawa za ka yi, +1 ko +2, saurin ƙiftawar kyamara (shutter) kuma kada ya gaza 1/2000 na sakan.

In kana son makaranta kyauta, ga hankaka nan a kowane zango. Ƙirji fari, fiffike baƙi. Ranar da ka fitar da zaren gashin biyun a hoto ɗaya, hannunka ya faɗa. A kansa na koya, a kan rufin gidanmu.

Sai wurin tsayawa, wanda a ganina ya fi duk saitin nan. Sa rana a bayanka, inuwarka ta nuna tsuntsun. Durƙusa ka daidaita da idonsa, ka jira ya juya kai har ɗigon haske ya faɗa cikin idon. Akwai kuma abin da saiti ba ya magani: zafin da ke tashi daga laka da gishiri yana sa iska rawa, hoton nesa ya fito dishi-dishi ko da gilashin kyamarar (lens) mai tsada ne. Sai dai ka rage tazara. Amma don Allah kada ka tashe su. Yawancin ƙananan tsuntsayen bakin ruwan nan daga Turai suke zuwa tun watan Satumba, a gajiye, abinci suke nema. Zauna wuri ɗaya, su za su matso.

Hazon hunturu yana tausasa rana, ina son sa ƙwarai, sai dai kada ka cire gilashi a fili saboda ƙura. Turo min hoton balbelar da lambobin saitinsa in duba, in ka samu dama kuma mu tafi Sakumono tare ranar Asabar, in sha Allahu.