Ma'anar rubutun da ke gefen yadin ulu na Italiya

Malam ka ce ka sayi yadi an rubuta "pura lana vergine, Super 120's" a bakinsa kana so ka san me ake nufi. To lana da Italiyanci shi ne ulu, wool kenan da Turanci, pura lana vergine kuma ulu ne zalla sabo fil wanda aka aske daga jikin tunkiya ba a taɓa saƙa komai da shi ba, Turawan Ingila su ce pure new wool. Amma in ka ga misto lana to gauraye ne, galibi da poliyesta, kada ka yarda a caje ka kuɗin zalla. Akwai kuma lana rigenerata, wato tsofaffin tufafi ne aka yayyage aka sake kaɗa zaren, garin Prato kusa da Firenze ya shahara da wannan aikin, shi kuwa ulun kwat mai tsada yawanci daga Biella yake fitowa a arewacin ƙasar.

Lambar Super ɗin nan sirantar gashin take nunawa ba nauyin yadin ba, kaurin gashin 120's bai wuce maikuron 17.75 ba (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), 150's ya fi shi laushi amma ya fi saurin cinyewa a gwiwa da mazauni, ni dai don sawar yau da kullum 120's nake zaɓa. Don zafi irin namu nemi fresco di lana, saƙarsa na shan iska.

Sauran ba wuya, cotone auduga, seta siliki, lino lilin, tessuto yadi, giacca kwat, camicia shat, pantaloni wando, maglione suwaita. In haruffa biyu kawai ka gani, WV sabon ulu ne, CO auduga, PL poliyesta.