Wutar Ƙaiƙayi

Ka ce wai ɗan wata duniyar nan da kake rubutawa a labarin fim ɗinka, wanda jinsinsu ba sa nuna so ko fushi, ka rasa yadda za ka sa ya kamu da son 'yar Adam ba tare da ya zama dutse ko sakarai ba. To zauna, kuma ka kife wayar nan.

Tun daga bakinka ka ɓata, da ka ce min “ba shi da zuciya”. Wa ya gaya maka? Wutar ƙaiƙayi ce, sama toka, ƙasa ci take yi. Dubi Spock na shirin talabijin ɗin Star Trek da aka fara nunawa a Amurka a 1966. Mutanen Vulcan, duniyar su Spock, sun fi ɗan Adam zafin rai, yaƙi ya kusa ƙarar da su kafin wani malaminsu, Surak, ya koya musu danne zuciya, kuma duk shekara 7 abin yakan ɓalle wa namijinsu. A wani kashi na 1967 Spock ya koma gida don ya auri wadda aka yi masa alkawari, ta ƙi shi, ta haɗa shi faɗa da abokinsa, da aka gama bai nuna ya ji ba. Amma da ya ga abokinsa da ya zaci ya kashe yana raye, sai murmushi ya kufce masa, nan take ya haɗiye. Leonard Nimoy, wanda ya fito a matsayin Spock, ya rasu a 2015, murmushin nan har yau ana zancensa.

Yadda ake raba fitowa da jera magana ba zan ɓata yawuna a kai ba, kowane wawa ya sani.

Abin da ya sa na kula ka shi ne ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Na taɓa yin wata 8 a kan irin wannan labari. Jarumina likitan jirgin sararin samaniya ne, a duniyarsu duk wanda ya furta so korarsa ake yi. Ko sau ɗaya ban sa kalmar a bakinsa ba. Na sa shi yana ƙirga numfashin yarinyar idan tana barci, ya ce aikin likita ne. Ta karya wani ɗan ƙarfen gashinta ta yar, ya tsince, ya ce zai auna ƙarfen. A fitowar ƙarshe, iskar da ta rage ta mutum ɗaya ce, ya miƙa mata tukunyar, ya ce lissafi ne ya nuna ita ta fi amfani. Mai kallo ya san ƙarya yake yi, ita ma ta sani. Shi ke nan fim ɗin.

Sai wani furodusa, ba zan kira sunansa ba, ya karɓa, ya ba ni kafin alƙalami, ya ce sauran in an gama ɗauka. Na je wurin tacewa, me zan gani? Tun a minti na 20 likitana ya durƙusa yana sharɓar kuka, wai “ba zan iya rayuwa babu ke ba”. Na ce masa ka kashe ni. Ya ce masu kallo ba sa gane fuskar da ba ta motsi. Na kawo masa zancen Kuleshov, mai shirya fim na Rasha, wanda ya haɗa fuska guda marar motsi da kwanon abinci, da akwatin gawa, da mace, mutane suka riƙa ganin yunwa da baƙin ciki da so a fuskar da ba ta canja ba. Ya ce shi bai san wani Barashe ba. Fim ya fito ya faɗi warwas, ya ce rubutuna ne ya ja masa asara, ya riƙe sauran kuɗina, ya kuma sa sunansa sama da nawa tunda wai shi ya gyara. Takarda ba mu yi ba, na yarda da baki. Ban yafe ba.

Ku yaran yanzu da abu ya taɓa muku zuciya sai kun sanar da duniya kafin gari ya waye, ina za ku iya rubuta mai haɗiyewa? Tashi ka rubuto min fitowa ɗaya, su biyu a ɗaki. Kada ya taɓa ta, kada kalmar so ta fito. In na karanta ban ji nauyi a ƙirjina ba, yaga ta zan yi.