Likita, gajiyar nan taƙi ƙarewa kuma tahlil (gwajin jini) yace lafiyata ƙalau

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah a sakaya sunana. A Jidda nake, shekarata 34, yarana huɗu. Tun haihuwar autana yau shekara biyu kenan ban ƙara jin daɗin jikina ba, na zubar da jini sosai saida aka ƙara min leda uku, ruwan nono bai zo ba sai madarar gwangwani muka bashi, al'ada ma ta ɗauke har yau shiru. Gajiya kuwa wlh ko shara nayi sai na nemi wuri na zauna, in na miƙe jiri, ana kunna mukayyif (AC) kowa na jin daɗi ni ina ƙudundune a bargo cikin zafin Jiddan nan. Umrar da mukayi da azumi a keke aka tura ni sa'ayi. Naje mustausaf (ƙaramin asibiti) sau biyu anyi min tahlil na gudda (halittar maƙogwaro, wato tayrod) ance lafiya lau, aka bani bitamin D da maganin ƙarin jini. Dangin miji sunce son jiki ne, yayata tace sammu ne. Ni dai na rasa ina zan sa kaina.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya baki lafiya. Maganar son jiki mu ajiye ta gefe, mai son jiki bata shiga bargo a Jidda.

Kinsan inda na tsaya a wasiƙarki? Ba kan gajiyar ba, dan gajiya kowa na kuka da ita, kuma ƙarancin jini, ciwon suga, rashin barci, damuwa duk suna kawo ta. Abu uku kika jero a jere wataƙila baki ma lura ba: jini ya zuba a haihuwa, nono bai zo ba, al'ada bata dawo ba. Duk likitan da yaji ukun nan tare dole hankalinshi ya tafi kan wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, nan Saudiyya zakiji ana cewa gudda nukhamiyya. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba amma ita ce uwar gida, ita ke aika sinadaran homon da ke umartar guddar maƙogwaro tayi aiki, ita ke umartar 'yan halittun da ke saman ƙoda su fitar da kotisol (homon da ke riƙe ƙarfin jiki da bugun jini), ita ke kawo nono, ita ke juya al'ada. Lokacin goyon ciki tana ƙara girma tana buƙatar jini da yawa, to in jini ya tsiyaye a haihuwa har bugunshi ya faɗi ƙasa, wani sashe nata na iya mutuwa. Wani likitan Ingila Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a 1937, shiyasa ake kiran ciwon da sunanshi. Kuma ciwo ne mai tafiyar hawainiya, mace zata iya shekara goma tana jan jiki kafin a gano.

Bance shine ke damunki ba fa, ba a gane ciwo ta wasiƙa. Amma dole a duba.

Sai maganar tahlil ɗin da akace lafiya lau. Ɗauko takardar ki duba, inaga TSH kaɗai zaki gani, shine ake fara yi kuma yawanci in ya faɗo tsakanin 0.4 zuwa 4 sai ace ba komai. Ga inda gizo ke saƙar: TSH ɗin nan ba guddar maƙogwaro ke fitar dashi ba, saƙo ne daga fituwitari. In maƙogwaron ne ya gaza, fituwitari zata ta ɗaga murya sai TSH ya hau, a gane nan take. In kuwa mai aiken ce da kanta ta kwanta, wa zai ɗaga murya? Sai lambar ta fito daidai ko ma ƙasa, alhali jiki na cikin yunwar homon. Dan haka ki roƙi a haɗa miki da free T4 (homon da guddar maƙogwaro ke fitarwa da kanta), da kotisol wanda ake ɗibar jininshi da safe wajen ƙarfe 8 dan lokacin yake kan ganiyarshi, da furolaktin (homon nono), FSH da LH (homon al'ada), da gishirin sodiyom na jini. Likitan gudad, wato ƙwararre kan homon, zaki nema, kuma kafin ki ce mishi gajiya fara bashi labarin haihuwar nan tiryan-tiryan, har ledar jini nawa aka ƙara. In gashin hammata da na gaba ya ragu ki faɗa, kar kunya ta hana, alama ce babba.

Wani abu kuma da matanmu basa faɗa sai an matsa: ƙwayar ƙiba irin su sha ka fashe da wasu mayukan bilicin akwai sitiroyid a ciki, suna kashe wa jiki ƙarfin yin kotisol nashi, su kuma rikita tahlil. In kina amfani dasu kar ki yanke rana ɗaya, hatsari ne, kwashe su a leda ki kai wa likita ya gani. Mai shan bitamin bayotin dan gashi ita ma ta dakata kwana 2 zuwa 3 kafin gwajin gudda.

Dan Allah kar wata tace miki ga ƙwayar guddata ki gwada, ko ki shiga saidaliyya (kemis) ki saya da kanki. In kotisol yayi ƙasa aka fara da tayroksin, wato ƙwayar guddar, mutum na iya faɗuwa rai a hannun Allah, shiyasa likitoci ke fara cike kotisol tukuna. In an tabbatar, maganin ƙwayoyi ne kullum, galibi har ƙarshen rayuwa, kuma mata da yawa suna komawa harkokinsu ras.

Ruƙiyya da addu'a kici gaba, zamzam ma ki sha, ki ce wa yaya ta raka ki asibitin. Kafin ranar ganin likita in amai ya kama ki ko zazzaɓi mai zafi, ko kikaji kamar zaki suma, kar a jira gari ya waye, a kira motar asibiti ta 997 ko a wuce da ke ɗawari (sashen gaggawa), kuma kuna shiga a faɗa musu ana zargin ƙarancin kotisol.