Me ya sa ba a barin ƙwayoyin jijiya kan faranti kawai?

Ƙanena, ka tambaya don me masu bincike ke wahalar sassaƙa wa ƙwayoyin jijiya da suke rayawa a ɗakin gwaji shimfiɗa, alhali ga farantin gilashi sumul. To, ƙwaƙwalwa taushinta kamar awara, kuma a cikinta ƙwaya na miƙa rassa sama da ƙasa, ta ko'ina. Kan gilashi kuwa sai ta baje, halinta ya sāke.

Ka taɓa lura da yaɗon kabewa yana laluben danga a garakan bakin kogi nan Yamai? Haka bakin reshen jijiya yake, yana shafa abin da ke gabansa, ya bi. Ross Harrison na Amurka, wanda ya raya jijiyar kwaɗo a waje da jiki a 1907, daga baya ya ga ƙwayoyi na bin zaren gizo-gizo. Yanzu zaren roba ake saƙa musu, ko ƴan ginshiƙai, a ma'aunin nanomita. Mita ɗaya nanomita biliyan ce, gashin kanka ma kaurinsa dubbai ne.

Sai dai kar ka yi saurin cewa an gina ƙwaƙwalwa. Babu hanyoyin jini a cikin curin ƙwayoyin da ake rayawa, don haka da ya yi kauri, ƙwayoyin tsakiya sai su rasa iska su mutu.